Yadda Ake Tara Baƙin Ido A Gida A Ciyar Da Su Abincin Brazil, Daga Kasuwa Har Wanke-wanke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na saka hoton teburin nan namu a WhatsApp, mutum takwas zagaye da tukunyar ƙasa tana tururi, saƙonni basu daina shigowa ba. Wata tace dangin maigida ne suka zo, wata tace ashe gidan abinci na buɗe ban faɗa ba, wata kuma kai tsaye tace ke yanzu tsakaninki da Allah bakya tsoron buɗe wa mutanen da baki taɓa gani ba ƙofa? Toh cikin baƙin nan shida babu ko ɗaya da na sani kafin daren. Haka ake yi a nan Salvador ta jihar Bahia da sauran manyan garuruwan Brazil, mutum zai shiga manhaja ya ga wance zata yi girki ranar kaza a gidanta, kujera shida, sai ya biya kuɗin kujerarsa ya zo a ci tare, shi da masu gida da sauran baƙin da shi ma bai san su ba. Na gaji da tura saƙon murya ɗai-ɗai shi yasa na zauna na rubuta. Mata ne suka fi tambaya dan haka da "ki" zan yi magana, maza a yi haƙuri a juya.

Abu ɗaya zaki riƙe tun daga nan dan shi ne ya tsara duk sauran, mutanen nan ba yunwa ce ta kawo su ba, gidajen abinci sun cika gari. Zama da ke suka biya. Duk dabarar da zan faɗa a ƙasa dan kar baƙi su zauna suna kallon juna ne ke kina can kicin kina fama da tukunya.

1. Fara zuwa gidan wata tukuna

Kar ki soma da karɓar baƙi, ki fara zama baƙuwa ko sau biyu ne. Ki duba Eatwith ko ɓangaren Experiences na Airbnb, ko shafukan Instagram na masu yin haka a garinku, ki zaɓi wadda mutane da yawa suka yi wa sharhi mai kyau, ki biya ku je ke da maigida ko ƙawa. Ki sa ido ki ga ƙarfe nawa aka zauna, me aka fara miƙo wa mutane, sau nawa matar gidan ta tashi, kuma a wane lokaci hira ta mutu.

A kula: kafin ki biya ki tura mata saƙo a kan alade, kuma kar ki tsaya a "não como porco" kawai wato bana cin alade. Da yawan mutanen nan in kika ce porco tsokar naman kawai suke ganewa, bacon da calabresa da linguiça da paio da presunto da toucinho da banha duk a wurinsu kayan ɗanɗano ne kamar yadda muke ɗaukar daddawa. Ni da kaina an taɓa rantse mini cewa wake ne zalla, ina juya cokali sai ga ɗan jan abu yana leƙo ni, matar kuma har zuciyarta bata ga laifi ba, cewa tayi ai ɗan kaɗan ne dan ƙamshi. Ki lissafo sunayen ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi waken, ki tambayi farofa wato soyayyen garin rogo, ki tambayi ganyen couve dan shi ma da bacon ake yawan soya shi. Feijoada kuwa ki haƙura da ita sai in an ce miki ta musamman ce, dan asalinta kunne da wutsiya da ƙafar alade ne a cikin baƙin wake.

2. Takardu da mutanen gini

Wannan ba daɗi amma dole. Sai kina da lambar CPF wato lambar haraji ta mutum, da akawun ɗin banki mai Pix wato tsarinsu na tura kuɗi nan take ta waya, dan yanzu ko mai sayar da kwakwa a bakin teku da Pix yake karɓar kuɗi. Ki tabbatar irin takardar zamanki ta yarda ki yi sana'a, in abin ya ɗore ki nemi mai lissafi ya duba miki rijistar ƙananan 'yan kasuwa da suke kira MEI, ki kuma tambayi ofishin kula da tsaftar abinci na ƙaramar hukumarku abin da suke buƙata.

A kula: in a bene kike mai maigadi da shugaban gini, wanda suke ce wa síndico, ki karanta dokar ginin ki yi masa magana da bakinki kafin ya ji a bakin maƙwabta. Wasu gine-ginen basa yarda da kasuwanci a ciki sam. Kuma kusan ko'ina daga ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya.

3. Zaɓen abin da za a dafa

Kala ɗaya babba, da 'yan rakiya biyu ko uku, da abin taɓawa kafin abinci, da kayan zaƙi. Shikenan. Kuskuren da na yi a karon farko shi ne son burgewa, na jera kala biyar manya kamar ana walimar biki, ƙarshe babu wanda ya fita yadda nake so kuma ban zauna ko minti goma ba.

Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne moqueca irin ta Bahia, wato kifi da ake dafawa a tukunyar ƙasa da madarar kwakwa da manja da tumatir da albasa da tattasai. Dalilina uku ne. Na farko kifi ne, ya raba ni da ciwon kan neman naman halal, dan abin mamaki ƙasar nan tana kan gaba a duniya wajen fitar da naman halal zuwa ƙasashen Musulmi amma ki shiga mahautar unguwa ki nema ki ga ikon Allah. Na biyu minti ashirin take a wuta. Na uku hannunmu ya riga ya san kayan, abin da suke kira dendê manja ne ba wani abu ba, farinha kuma 'yar uwar garin kwaki ce sai dai bata kai shi tsami ba.

'Yan rakiyarta farar shinkafa, da pirão wanda kamar talge ne mai kauri da ake damawa da romon kan kifi da garin rogo, da farofa wato garin rogo soyayye da albasa. Abin taɓawa kuma ƙananan acarajé, kar sunan ya ruɗe ki ƙosai ne, farin wake ne aka markaɗa da albasa aka soya a manja. Kayan zaƙi brigadeiro, wata 'yar alewar madara da koko ce da ake mulmulawa. Abin sha ruwan maracujá, wani ɗan itace mai tsami, ko na caju wato kashu, ni kuma ina ƙarawa da zoɓo dan ana sayar da busasshensa a nan da sunan hibisco, kuma shi ke fara ƙarewa kullum.

A kula: akwai moqueca ta jihar Espírito Santo, ita ba manja ba madarar kwakwa. Ki rubuta a fili cewa taki baiana ce wato ta Bahia, dan mutanen jihohin biyu musu suke a kan wace ce ta gaskiya kamar yadda ake musun wa ya fi iya kilishi.

4. Lissafi kafin ɗora tukunya

Ga nawa lissafin na fitar da na yi kasuwa kwanan nan, farashi yana motsi dan haka tsarin zaki ɗauka ba adadin ba. Baƙi huɗu da mu biyu, mutum shida kenan. Kifi kilo ɗaya da rabi wajen reais 90 a kuɗin Brazil, kayan miya da ganye da lemun tsami 35, madarar kwakwa da manja 30, shinkafa da gari 20, kayan brigadeiro 25, kayan sha 30, wake da man suya 25, sai gas da kuɗin mota da tishu da sabulu na ƙiyasta 35. An tashi wajen 290.

In kowace kujera 130 ce, huɗu sun ba ki 520. Manhajar da nake amfani da ita tana yanke kusan kashi ɗaya cikin biyar, saura 416, ki cire 290, abin da ya rage miki 126 ne na aikin yini biyu. Kin ga ba a nan ake sayen fili ba. Amma da baƙi shida cefanen bai wuce 370 ba, kuɗin shiga 780, bayan an yanke an cire komai sai ki tsira da wajen 250. Wato ribar tana kan kujera ta biyar da ta shida. Duk da haka ki fara da huɗu har hannunki ya faɗa, kuma kar ki wuce takwas ko an roƙe ki, dan daga takwas hira rabewa take gida biyu.

A kula: ki sa mafi ƙarancin adadin da zaki yi girki dominsa, ni uku ne. Na taɓa yin cefanen mutum shida, mutum ɗaya tal ya kama kujera, muka yi kwana uku muna cin kifi. Kuma kar ki yarda da "zan biya in na zo". Wanda bai biya ba da ɗan yayyafi ya sauka zai fasa.

5. Rubuta tallar

Hoto da rana ki ɗauka kusa da taga, na tukunyar a buɗe, da na teburin a shirye, da naki ke da maigida in kuna so dan mutane sun fi sakin jiki in sun ga fuska. Ki rubuta da Fotugis da Turanci. Ki faɗi abin da za a ci dalla-dalla, lokacin farawa da na tashi, unguwa kawai ba lambar gida ba, hawa na nawa kuke kuma akwai lif ko babu, akwai mage ko yara a gidan.

Sai maganar giya, ki faɗe ta a layin farko-farko ba can ƙasa ba, cewa a gidan nan ba a ba da giya kuma ba a shigowa da ita. Al'adarsu ce in za a je cin abinci gidan mutum a riƙo kwalba a matsayin tsaraba, kuma baƙon da ya zo yawon buɗe ido ya sa rai da caipirinha, haɗin giyarsu da lemun tsami. Zaki rasa wasu, ba komai, gara su fasa tun a waya. Wata rana wasu mata da miji sun iso da kwalba an naɗe ta da kyau har da ɗan ƙyalle, basu karanta ba, maigida ya yi musu godiya sosai ya ajiye ta a bakin ƙofa kusa da takalma yace zata jira su, aka yi dariya aka wuce, amma ni kunya kamar in nutse. Tun daga ranar nake maimaitawa a saƙon tuni. Haka cire takalmi, su basu saba ba, ki faɗa tun da wuri kar wani ya zo da safa mai huji ya takura.

Lokaci kuma ƙarfe 7 da rabi na dare ya fi mini. A Salvador rana bata kai 6 da kwata bata faɗi ba duk shekara, kin ga kafin baƙi su iso an yi Magariba an yi Isha'i hankali kwance.

6. Tantance masu zuwa

Ki duba shafin kowa, akwai hoto, akwai sharhin wasu masu masauki a kansa ko babu. Ki tura saƙo ki gaishe shi ki yi tambaya uku, me baya ci, me ke sa masa borin jini, kuma yana cin yaji. Yadda mutum ya amsa kaɗai yana nuna miki shi. Wanda ya fara tambayar ke kaɗai ce a gidan, ko yace a bar manhajar a koma gefe ya biya kai tsaye tun baku taɓa haɗuwa ba, ki soke kawai ba sai kin yi dogon bayani ba.

A kula: adireshi sai bayan kuɗi sun shiga. Kar ki taɓa karɓar baƙi ke kaɗai, ko maigida ko ƙawa ko maƙwabciya dole wani ya kasance. Ki ba maigadi sunayen a takarda, ki kulle ɗakin kwana, fasfo da kwamfuta su koma ciki.

A kula kuma: jatan lande da gyaɗa da kashu su ne manyan masu tada borin jini, kuma suna ɓoye a abincin Bahia da yawa, vatapá da caruru, haɗe-haɗen da ake cin acarajé da su, duk akwai su a ciki. Shi yasa ni ƙosaina da ɗan haɗin tumatir da albasa da yaji kawai nake bayarwa.

7. Kasuwa

Busassun kaya ana gobe ko jibi, kifi kuwa da sassafen ranar. Ni Feira de São Joaquim nake zuwa dan gari da manja da wake da tukwane, wurin ya fi kama da kasuwannin gida, cunkoso da 'yan baro da ciniki, ki sa takalmi rufaffe dan ƙasan jiƙe take. Ki nemi feijão fradinho wanda aka riga aka ɓarza, surfensa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Garin rogo ki ɗanɗana kafin ki saya, mai laushi na pirão, kuma ya yi ƙaras-ƙaras a baki ba ya yi danshi ba.

Kifi ki nemi mai tsoka mai ƙarfi wanda baya dagargajewa, robalo ko badejo in aljihu ya yarda, pescada amarela ko vermelho in ana so a sassauta. Ki ce a yanka miki "em postas" wato gunduwa-gunduwa da kaurin yatsa biyu, kuma ki ce a ba ki kan, kar ki bar musu shi dan shi ne pirão ɗinki. Ki duba ido yana sheƙi, ki ɗaga kunnen ki ga ja, ki danna tsokar ta dawo.

A kula: za a yi miki tallan cação da araha ana cewa ba ƙaya. Kifin shak ne, wasu baƙin basa ci, in shi zaki yi ki faɗa tun a talla. Sannan in sabuwar tukunyar ƙasa kika saya kar ki fara da ita ranar baƙi, ki shafe cikinta da mai ki ɗora a wuta kaɗan har man ya bushe, ta huce da kanta, ki wanke, ki gwada dafa wani abu a ciki tukuna.

8. Aikin ana gobe

Duk abin da zai iya kwana a firij yau za a yi shi. Brigadeiro, ki juye gwangwanin madara mai kauri mai zaƙi na giram 395 a tukunya, bota cokali ɗaya, garin koko cokali biyu, wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa ba tsayawa wajen minti goma zuwa sha biyu, har ki ga in kin karkata tukunyar yana saki daga ƙasan gaba ɗaya. Ki juye a faranti ya huce sosai, ki shafa bota a tafin hannu ki mulmula ƙanana ki birkiɗa a ɓarɓashin cakuleti. Gwangwani ɗaya yana ba da wajen ashirin. In kika sauke da wuri bazai mulmulu ba, amma kar ki zubar, ki zuba a ƙananan kofuna ki sa cokali, su ma suna cin sa haka.

Ki dafa zoɓo da citta da ɓawon abarba ki tace. Ki surfa wake ki wanke ki tsane shi. Ki goge banɗaki ki sa kwandon shara mai murfi da 'yar takarda a bango cewa tishu a kwando ake sawa, dan baƙin Turai basu san tsarin nan ba sai su toshe miki bututu. Ki jera tebur tun dare, wuƙa da cokali mai yatsu ga kowa, da tishu da yawa dan ɗan Brazil ko ƙosai da tishu yake kama shi.

9. Ranar girki, bi da bi

Da kin dawo daga kasuwa ki wanke kifi, ki dafa kan da albasa da tumatir ɗaya da tafarnuwa da gishiri wajen rabin awa, ki tace romon ki tsince tsokar ki ajiye. Gunduwoyin kuma firij.

Ƙarfe 5 ki yanka komai. Na mutum shida, albasa uku da tumatir huɗu da tattasai uku masu launi daban-daban, duk a yanka su zobe-zobe, da damin coentro wato ganyen kusbara, da lawashi. Ki soya farofa, manja ko bota cokali uku, albasa ta yi laushi, ki zuba gari kofi biyu kina juyawa a ƙaramar wuta har ya yi ƙamshi, gishiri, ki sauke, bata damu da sanyi ba.

Ƙarfe 6 da rabi ki matse wa kifi lemun tsami biyu da dakakkiyar tafarnuwa da gishiri. A kula: kar ya wuce awa ɗaya a ciki, tsamin yana dafa tsokar ta yi fari ta saki. Ki markaɗa wake da albasa da gishiri da ruwa kaɗan sosai, ki buga shi da muciya har ya tashi kamar dai na gida.

Ƙarfe 7 shinkafa, kuma irin tasu ake yi, a soya tafarnuwa a mai, a zuba shinkafar a ɗan soya ta, sannan tafasasshen ruwa ninki biyu da gishiri, a rufe. Da ta tsotse ki juye a kula. Sai ki soya ƙosai a manja, ƙanana na loma ɗaya, taga a buɗe dan warin suya yana kama labule.

Sannan ki jera moqueca amma kar ki kunna wuta. Manja cokali biyu a ƙasan tukunya, rabin albasa da tumatir da tattasai a shimfiɗe, kifi a kai ɗaya kusa da ɗaya ba a kan juna ba, sauran kayan a rufe shi da su, rabin ganyen. Ki rufe ki je ki canza kaya. Wannan shi ne sirrin duka, tukunya tana jira a shirye, aikin da ya rage kunna wuta ne kawai.

A kula: kar ki sake hannu da manja kamar miyar gida. Cikin wanda bai saba ba baya ɗauka, kuma yawancin baƙinki gobe suna da jirgi ko yawon jirgin ruwa, bakya so a tuna da ke a wannan halin. Cokali huɗu gaba ɗaya ya isa. Yaji ma haka, barkonon malagueta a dake da lemun tsami da albasa a ɗan kwano a gefe, mai so ya ɗiba.

10. Tarba

Bajamushe zai danna ƙararrawa 7:25, ɗan gari kuma sai 8 saura kina jin sa yana ba maigadi labari. Dan haka ne ƙosai da abin sha suke, wanda ya iso ki miƙa masa kofi kafin ma ya zauna, hannu in yana riƙe da wani abu kunya tana raguwa. Ki faɗi sunan kowa da ƙarfi da inda ya fito. Minti talatin nake jira, daga nan ana kunna wuta ko wa ya rage.

Gaisuwarsu runguma ce da sumbar kumatu, mace da namiji duk ɗaya. Ni hannu nake ɗorawa a ƙirji in yi murmushi sosai in ce haka muke gaisawa a wurinmu, maigida kuma yana gaba yana miƙa wa maza hannu. Ki riga su yi tun suna bakin ƙofa, dan in mutum ya riga ya sunkuyo kika ja baya shi ne ake jin nauyi.

Ki kunna wa moqueca wuta matsakaiciya, in ta fara tafasa da ruwan jikinta bayan kamar minti goma ki zuba madarar kwakwa ƙananan kwalabe biyu, wato mililita 400, da sauran manjan a sama, ki rage wuta ta ƙara minti takwas zuwa goma. A kula: ba a juya ta da ludayi ko sau ɗaya, sai dai ki kama tukunyar da tsumma ki ɗan girgiza, ki riƙa ɗibar romon kina zubawa a kan kifin. A wannan tsakanin ne zaki dama pirão, romon kan kifi ya tafasa, ki ƙara ludayi biyu daga romon moqueca, ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa gari da hannu ɗaya kina juyawa da ɗayan. In kika juye shi lokaci guda gudaji ne zai cika miki tukunya. Ki sauke yana ɗan ruwa-ruwa dan yana ƙara kauri in ya sha iska. Ni kiran baƙin nake su zo su tsaya a ƙofar kicin su gani, har in ba ɗaya muciya, kin ga ban ɓace musu ba kuma nan ake ɗaukar hotuna.

Tukunyar ƙasa tana ci gaba da tafasa bayan an kashe wuta, dan haka ki kashe kifin yana saura ƙiris, ki watsa sauran ganye, ki kai ta tebur a haka tana ɓararraka a kan katako.

11. A kan tebur

Ki raba waɗanda suka zo tare kaɗan, mai jin Fotugis kawai ki sa shi kusa da mai jin yare biyu, ke kuma ki zauna kujerar da ta fi kusa da kicin. Ki zuba wa kowa na farko da hannunki ki faɗi akwai ƙaya, ƙari kuma kowa ya yi da kansa.

In hira ta yi sanyi ina da abin da nake jefawa. Ina tambayar 'yan garin ko sun san arroz de hauçá, kusan duk sun sani, shinkafa ce da busasshen nama da ake yi a Bahia, sai in ce toh ni ce hauçá ɗin. Nan take cokula ke tsayawa. Da yawa basu taɓa haɗa sunan da wasu mutane masu rai ba, sun dai karanta a makaranta cewa an kawo Musulmi bayi daga yankinmu kuma sun yi bore a garin nan a watan Janairun 1835 cikin azumi. Daga nan sai tambayoyi, me muke kiran acarajé, me muke kiran quiabo, in ce ƙosai in ce kuɓewa su yi ta ƙoƙarin faɗa, ƙ ɗin nan tana ba su wuya ba kaɗan ba.

A kula: siyasar ƙasar ki kauce mata, da an ambaci Lula ko Bolsonaro teburi rabewa yake, ki miƙe ki ce wa zai ƙara pirão. Ƙwallo ba laifi, tsokanar Bahia da Vitória, ƙungiyoyin ƙwallon garin nan biyu, dariya take kawowa. Za a tambaye ki hijabi da aure da azumi, mafi yawa son sani ne kawai, ki amsa a taƙaice kar ya koma wa'azi. Hoto kuma ki faɗi ƙa'idarki tun farko, ni abinci da tebur a ɗauka, yara ban yarda ba.

Kar ki kwashe faranti ana tsakiyar magana. In an lafa ki kawo brigadeiro da ɗan kofi mai ƙarfi a ƙananan kofuna, cafezinho, su a wurinsu shi ne alamar an zo ƙarshe ba sai kin kalli agogo ba.

12. Bayan an watse

Wajen 10 saura ki ce kowa ya kira motarsa ta Uber ko 99 tun yana ciki, ya jira a falo ko wurin maigadi ba a kan titi da waya a hannu ba, baƙin waje basu san wannan ba sai an faɗa musu. Ragowar brigadeiro ki ƙulla wa kowa biyu-biyu, maigadi ma a sauke masa faranti, wannan farantin ya sha gyara mini abubuwa a ginin nan.

Ragowar kifi firij nan take kar ya kwana a waje da madarar kwakwa a jikinsa. Tukunyar ƙasa ki bar ta ta huce da kanta, in kika zuba mata ruwan sanyi da zafinta tsagewa zata yi, tawa ta farko haka ta tafi ina ji ina gani. Da safe ki wanke da soso mai laushi, ki kife ta ta bushe sarai kafin ki ajiye in ba haka ba fumfuna zata yi.

Washegari ki tura wa kowa godiya da yadda ake yin moqueca ɗin a rubuce, ki roƙi ya rubuta sharhi a manhajar tun abin yana bakinsa, dan sharhin nan shi ke kawo na gaba. Sai ki ɗauko littafinki ki rubuta nawa kika kashe, me ya ƙare me ya yi saura, ƙarfe nawa aka zauna, sau nawa kika tashi daga tebur. Nawa na daren hoton nan cewa yake shinkafa ta yi yawa da kofi ɗaya, zoɓo lita uku bai isa ba, na tashi sau huɗu, kuma in sayo ƙarin cokula biyu dan na maƙwabciya na ara har yanzu ban mayar ba.